Tushe Biyu a Bayan Gidan Walter

Na san kun ji maganar, don haka ba sai na yi muku kwana-kwana ba. Safiya ta ji ta a wajen wani suna a Lanham, a bakin matar da ba ta san 'yar wa take yi wa gulmar ba. Kabiru ya ji a harabar masallaci, ya dawo ya yi kwana biyu ba ya haɗa ido da ni. Ke kuwa Auta dariya kika yi, kika ce da Turancinki ashe Baba ya waye. Maganar dai ita ce, wai ubanku, da furfurarsa da aikin hajjinsa, ya noma tabar wiwi a nan garinmu Upper Marlboro ta jihar Maryland. Ban noma ba, ban sha ba, ban sayar ba. Amma akwai abin da na yi a wannan shekarar wanda ya fi abin da ake faɗa nauyi a zuciyata, kuma ba wanda ya taɓa tuhumata a kansa. Shi nake so ku ji daga bakina tun ina da sauran numfashi.

Sai na fara da kakanku, don ba za ku gane ni ba in ba ku san shi ba. A ƙauyenmu na ƙasar Kazaure, idan gero ya fitar da kai, mutane sukan zo su ɗauki Babana su kai shi bakin gona. Ba ya shiga ciki sosai. Ya tsaya ya dubi launin kara, ya bi kunya ɗaya da ƙafa yana ƙirga a zuci, ya kama zangarniya ya auna ta a tafin hannu, ya murza ya ga ko ta yi ido. Sannan ya ce dami kaza za a ɗaure a nan. A kan maganarsa mutum yake yanke shawarar ko zai yi wa ɗansa aure bana, ko zai gyara tsohon rumbu ko ya gina sabo. In ya kuskure, da dami biyu ne ko uku. Akwai maganar da yake yawan yi wa masu gaggawar girbi, ya ce dawa ba ta gama cika sai ruwa ya ɗauke ta sha raɓa, wanda ya yanke da wuri ya yi wa rumbunsa sata da kansa. Ni na gaji wannan idon nasa. Na kuma gaji abin da ke biyo bayan idon, wato jin cewa ba ka kuskure.

Shekara talatin da wani abu na yi ina aikin injiniyan ruwa a ƙasar nan, amma kun san inda zuciyata take. Ɗan filin bayan gidanmu na mayar da shi gona, kuɓewa da yakuwa da rama da tattasai, har gyaɗa na taɓa gwadawa zomaye suka raba ni da ita. Tun kuɓewa tana fure nake ce wa mahaifiyarku bokiti kaza za mu tsinka bana, ita kuma ta ce to Malam Duba, Allah ya kai mu. Yawanci yadda na faɗa haka take fitowa, sai in bi ta har kicin ina tuna mata. Abin da ban lura da shi ba shi ne, duk abin da nake shukawa a nan ana gama cinye shi tun da sauran zafi. Ban taɓa shuka abin da sai ƙarshen shekara yake nuna ba.

Maƙwabtanmu na dama kun san su tun kuna yara, Walter da matarsa Doris. Shi direban bas ne da ya yi ritaya, haifaffen cikin birnin Washington, bai taɓa shuka ko albasa ba. Ita kuwa 'yar nan ce gaba da baya, iyayenta da kakanninta a gonakin tabar sigari na wannan yankin suka ƙare rayuwarsu. Ita ce take tarar ku daga motar makaranta ranar da ni da mahaifiyarku duk muna wurin aiki. Tukunya ta musamman ta saya wadda naman alade bai taɓa shiga ba, don kawai ta riƙa dafa muku abinci. Da babbar salla cinyar rago tata ce, kowa ya san haka a gidanmu. Shekara ashirin muna raba shingen katako ɗaya da su, ko kallon banza bai taɓa haɗa mu ba.

A farkon shekarar da nake ba ku labari aka gano ciwon daji a jikin Doris. Maganin da ake ɗura mata a asibiti ya fi ciwon wahalar da ita. Duk abin da ta sa a baki sai ya dawo, macen da take cika ƙofa ta koma kamar kara. Likitanta ya ce akwai masu samun sauƙin tashin zuciya da wiwi, kuma a lokacin doka ta riga ta halatta shi a Maryland, har an yarda gida ya shuka tushe biyu. Walter ya sayo na shago, ta ce ya mayar. Tana da ƙane da aka taɓa ɗaurewa shekaru a kan ɗan ƙullin da bai cika aljihu ba, ya fito bai ƙara zama mutum ba. Ta ce mutanen da suka ɗaure mata ƙane su ne yanzu suka sa kwat suna sayarwa, ita ba za ta sa nasu a bakinta ba ko za ta mutu. In za ta sha, sai wanda ya tsiro a ƙasar gidanta. Wata ƙawarta ta coci ta ba ta ɗan abin da ya rage mata na nomanta, Walter yana dafa shi da man shanu yana ba ta cokali guda, sai ga Doris tana cin abinci. Amma wannan ɗan guntun ba zai wuce kaka ba, don haka Walter ya shuka tushe biyunsa a bayan gareji ya kewaye su.

Ban san da su ba sai wata ranar Asabar da hantsi, ina tsinkar yakuwa, ya leƙo ta saman shinge. Da Turanci muke magana, amma zan faɗa muku da harshenmu.

"Isyaku, zo ka duba mini wani abu. Kai ne mai ido."

Na zagaya. Tushe biyu ne, kowanne ya fi ni tsawo, ganyen sak na ramar da ke gonata, sai dai warin ba nata ba ne. Na ja da baya kamar na taka wuta. Walter ya ga fuskata, ya yi mini bayani duka, sannan ya ce:

"Likitoci sun ce sai watan Maris za su gama ɗura mata maganin. Girbi ɗaya ne a shekara. Abin da nake so ka faɗa mini shi ne, wannan zai kai ta Maris? Ni ban san komai ba. Na duba a waya, wannan ya ce kaza, wancan ya ce ninkinsa goma."

Na ce masa zan yi tunani. Na dawo gida na tarar da mahaifiyarku tana gyaran kuɓewa, na zayyana mata. Ta ajiye wuƙar.

"Wiwi fa ka ce, Alhaji."

"Magani ne a wurinta, Hajiya. Ba buguwa take nema ba, loma take nema ta zauna a cikinta."

"Na sani. Ni ma na ga yadda ta koma. Amma ka san bakin mutanenmu. Ka tambayi Liman mana."

"Ido kawai zan sa. Ba zan taɓa ba."

"Idon naka ai shi ne abin tsoron," in ji ta, ta ci gaba da yankanta.

Ban tambayi Liman ba, kuma zan faɗa muku gaskiyar dalili. In ya ce haramun ne, zan ji kunyar matar da ta raine mini 'ya'ya. In ya ce ba komai, maganar ta fita ke nan. Sai na yi wa kaina fatawa da haƙƙin maƙwabtaka, na koma. Har yau ban yi nadamar komawar ba. Sai dai ba tausayi kaɗai ya mayar da ni ba, akwai daɗin an ce ni ne mai ido, kuma shekara da shekaru rabon da wani ya ɗauke ni ya kai ni bakin gona.

Daga ranar kusan kullum sai na leƙa. Na yi abin da na ga Baba yana yi. Na ƙirga manyan rassa, na ƙirga kawunan da ke kowane reshe, don shi wannan tsiron a kan furen matarsa ake samun abin da ake nema, kamar yadda gero yake tara nasa a zangarniya. Na lura da awa nawa rana take dukan kowanne, na ga na kusa da gareji inuwa tana cin sa da yamma, na rage masa. Alkawarin ba zan taɓa ba kuwa bai yi mako ba, don ba a kintace da hannu a aljihu. Na sa Walter ya yanke ƙaramin reshe ɗaya muka shanya, na ga yadda ya tsotse ya koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, na sa wannan a lissafi. Ma'auninmu kwalaben Doris ne, irin masu faɗin baki da take adana tumatir a ciki. Walter ya ce kwalba ɗaya takan yi mata kamar mako uku. Aikin da na yi mai kyau ne, ko yau aka ce in sake ba abin da zan canza a ƙirgar.

Wajen ƙarshen Satumba kawunan suka yi nauyi har rassa suna sunkuyawa. Ranar da na ba da amsata, Doris tana zaune a kujera a bakin tagar kicin ɗinta, an lulluɓe ta da bargo, tagar a buɗe. Na ce wa Walter in aka yanke yau za a sami kwalba shida, wataƙila bakwai, za su kai ta Janairu ko farkon Fabrairu. In kuwa aka ƙara haƙurin mako biyu kawunan suka gama cika, goma ba za ta gagara ba, ta wuce Maris har da ragi. Sai muka ji muryarta daga taga, siririya amma ba ta rawa.

"Ku yanke shi yau."

Walter ya ce, "Doris, kin ji abin da Isyaku ya ce. Shida ba za ta kai ba."

"Na ji. Ku yanke. Ku shaƙi iskar nan mana. Babana ba ya barin ganye a gona in safiya ta fara irin wannan jiƙewar. Ruwa yana zuwa, kuma in ya zo ba na yini ɗaya ba ne."

Na yi murmushi, kuma wannan murmushin yana cikin abubuwan da nake roƙon Allah ya yafe mini. Na ce mata:

"Madam Doris, wannan ba tabar sigari ba ce, ba ganye muke jira ba, kai muke jira. Babana yakan ce wanda ya yi gaggawar girbi ya yi wa rumbunsa sata. Raɓar nan da kike gani ita ce take cika shi."

Ta dube ni ta ce, "To, ku ne maza," ta ja bargonta.

Walter ya dubi taga, ya dube ni. Matarsa ta shekara arba'in a gefe guda, maƙwabcin da bai taɓa kuskuren kintacen kuɓewa ba a ɗaya gefen, ga kuma goma ta fi shida daɗin ji a kunnen mai tsoro. Ya zaɓi tawa. Ni kuwa na tafi gida ina jin na yi wa marar lafiya gata, na hana ta cutar da kanta da gajen haƙuri. Ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa a garinmu raɓa tana zuwa ne bayan damina ta tattara kayanta, rana ta fito ta busar da ita kafin hantsi. Kaka a wurinmu rani take fuskanta. Ita kakar nan ruwa take fuskanta. Na san haka sarai, shekara talatin ina aikin magudanan ruwa a gundumar nan, na san watan da suke cika. Kaina ya sani, amma da na tsaya a bakin gona idon Kazaure ne ya yi magana.

Kwana biyar da yin haka ruwa ya sauko. Ba mai ƙarfi ba ne, irin marka ce, yayyafi ba dare ba rana, sama ta rufe ruf, iska ta tsaya cak ga ɗumi. Kwana na farko na ce zai wuce. Na biyu muka ɗaura leda a sama, wadda ta ƙara riƙe damshin a ciki. Na huɗu na shiga da safe na ga wani ɗan ganye a tsakiyar babban kai ya yi ruwan ƙasa. Na ja shi, ya fito ba gardama. Na buɗe kan da yatsa, sai ga cikinsa ya ruɓe, fumfuna toka-toka ta cika shi kamar auduga. Daga waje lafiya lau, kore shar. Na buɗe na kusa da shi, haka. Manyan kawunan nan da na fi alfahari da su, waɗanda na ɗora lissafina a kansu, su suka fara lalacewa, don su suka fi cunkushewa, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja wannan, wadda ya doka tana kwance a ɗaki.

A cikin ruwan muka yanke su, ni da Walter. Muna ɗiba muna kaiwa gareji, muna ware mai kyau da ruɓaɓɓe, don likita ya riga ya gargaɗe shi cewa mai irin ciwonta ko ƙurar fumfuna ba a so ta shiga jikinta. Duk wanda muka yi shakka a kansa sai mu jefar. A daidai wannan lokacin ne Alhaji Mudi, wanda muke sahu ɗaya da shi a masallaci, ya zo dawo mini da injin yankan ciyawa da ya ara. Hajiya ta ce masa ina bayan gida. Ya zagayo, ya hango ni ta ƙofar shinge, jiƙe sharkaf, na rungumo wiwi har haɓa.

"Alhaji Isyaku! Innalillahi. Me zan gani haka?"

"Abin da ka gani, Alhaji. Ajiye injin a nan, na gode."

Da na tsaya na yi masa bayani da wataƙila ya fahimta, mutum ne mai saurin baki amma ba mugu ba. Sai dai a ranar ba ni da zuciyar kare sunana, kuma sirrin ciwon mace ba nawa ba ne da zan shimfiɗa wa mai aron inji. Kafin Juma'a ta zagayo labari ya kai Lanham ya dawo da 'ya'ya. Daga nan aka daina kirana in karɓi auren 'ya'yan mutane, aka daina tura mini matasa in yi musu nasiha. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba, musamman yadda wasu da na ɗauko daga filin jirgi da hannuna suka koma gaishe ni daga nesa. Amma wannan ƙaramin ciwo ne, kuma ba shi na zauna rubutawa ba.

Da aka gama shanya, aka gyara, aka zuba, kwalba uku muka samu. Ta ukun ma ba ta cika ba. Na jera su a kan teburin gareji ina kallo, kamar in na daɗe ina kallo za su haihu. Sannan na yi abin da ya fi mini wuya, na ce wa Walter ina so in ga Doris. Na same ta a falo, rana tana dukan ƙafafunta. Na tsaya ban zauna ba.

"Madam Doris, kin faɗa ban ji ba. Laifina ne. Ki yafe mini."

Ta yi 'yar dariya har ta sa ta tari.

"Zauna, Isyaku, kana tsaye kamar ɗan makarantar da ya fasa taga. Babanka ya taɓa noma a Maryland?"

"Bai taɓa ba."

"To nawa ya yi. Shi ke nan bambancin. Da ni aka kai garinku, da na yanke muku dawa ɗanya kun kore ni." Ta numfasa. "Uku ma wani abu ne. Ka ce wa Hajiya ina son kunun nan nata mai tsami."

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na fito na tarar da Walter yana jirana a gareji da takarda da biro. Ya ce uku ne, kuma Maris tana nan inda take, yaya za a yi su kai? A nan ne, 'ya'yana, na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko, don na farko rashin sanin ƙasa ne, wannan kuwa ban san sunan da zan ba shi ba. Maimakon in ce masa ni na gama kintace, sai na karɓi biron. Ina so in gyara ɓarnar da na yi, kuma hanya ɗaya na sani ta gyara, lissafi. Na ƙirga makonnin da suka rage, na raba. Na ce a mayar da cokali rabi. Ranar da ta tashi da ɗan dama-dama a tsallake, a ajiye wa kwanakin da suke biyo bayan asibiti, waɗanda suka fi tsanani. In aka bi haka za su kai Maris cif. Walter ya manna takardar a jikin firji.

Da na faɗa wa mahaifiyarku, tana dama kunun da aka roƙa, ba ta ɗago ba.

"Alhaji, ku bar baiwar Allah ta sha abinta. Wa ya ba ku Maris?"

"Likitoci suka faɗa."

"Likitoci sun faɗi ranar da za su gama nasu. Ba su faɗi ranar da Allah zai gama nasa ba. In ya ƙare a nemi wata dabara. Yunwar yau ake yi wa magani."

"Ke ba ki san lissafi ba, Hajiya."

"Haka ne," ta ce. "Ita ma Doris ba ta san noma ba."

Na ji maganar ta shige ni, amma ban je na cire takardar ba. Walter kuwa mutum ne da ya yi shekara talatin yana bin jadawalin bas minti da minti, an ba shi takarda, ya bi ta kamar saukakken littafi. Mahaifiyarku ce take shiga kullum da kunu, ita take dawowa ta faɗa mini, ba tare da ƙari ba. Yau ta sha rabin kofi. Yau ya dawo. Yau ta ce wa Walter ya ƙara mata ya ce ta yi haƙuri, jibi ranar asibiti ce. Rabin cokalin yana rage tashin zuciyar amma ba ya kore ta, sai ta ci loma uku ta ture. Doris ba ta taɓa yi masa gardama a kai ba. Ina jin ta ga yadda yake riƙe da takardar nan, ta gane ba magani yake aunawa ba, yana gaya wa kansa ne cewa tana nan har Maris, sai ta bar masa.

Ba ta ga sabuwar shekara ba. Mako guda bayan Kirsimeti bai cika ba ta rasu, a gidanta, da rana tsaka. Ba yunwa ce ta kashe ta ba, ciwon ne ya bazu, likitoci sun ce ba abin da zai hana. Na riƙe wannan maganar tasu da hannu biyu, don ina bukatarta. Muka je cocinsu ni da Hajiya muka zauna a baya, wannan ma an yi magana a kansa, ban damu ba.

Bayan kamar kwana goma, da safe, ina share ƙanƙara da shebur a bayan gida, na ji motsi a shinge. Walter ne, ya sa rigar sanyi a kan kayan barci, bai yi aski ba. Ya ɗora kwalba biyu a saman katakon, ɗaya cike ba a ko buɗe ta ba, ɗaya saura kaɗan ta kai rabi.

"Lissafinka ya yi, Isyaku," in ji shi. "Ya isa. Har ya yi saura."

Ba da gatse ya faɗa ba. Da gatse ne da na iya ɗauka. Ya shafa murfin cikakkiyar da babban yatsa.

"Ranar Lahadin ƙarshe ta ce tana marmarin wainar masara irin ta mamanta. Na yi mata. Ta ce in ba ta cikakken cokali don ta iya ci. Na duba takarda, na ce mata ranar tsallakewa ce." Ya juya kwalbar a kan katakon. "Ta ce ba komai, gobe ma rana ce. Wainar tana nan a firji, na kasa zubarwa."

Na buɗe baki in ce wani abu, in ce ƙaddara, in ce haƙuri, duk kalmomin da na saba faɗa wa mutane a zaman makoki. Ko ɗaya ba ta fito ba, ba da Hausa ba, ba da Turanci ba. Na jingina shebur ɗin a jikin shinge, na kife goshina a kan katakon mai sanyi, na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar Baba. Walter, wanda shi aka yi wa mutuwa, shi ne ya miƙo hannu ta saman shingen ya dafa kafaɗata yana cewa ya isa, ya isa.